Gida Mafi Tsufa a Wedenau

Maɓalli na biyar ne ya ƙi shiga. Arno Kettler ya ja numfashi ya haɗiye ciki, matarsa Hedda ta kama gefen falmaran ɗin da hannu biyu ta ja, amma maɓallin da ƙofarsa suka tsaya suna hangen juna daga nesa.

"Saki cikinka kafin ka suma," in ji Hedda. "Rigar ta san shekarunta, kai ne ba ka san naka ba."

"Ƙanƙancewa ta yi. Wankinki ne."

"Shekara goma sha takwas tana rataye a kabad, ko ruwa ba ta gani ba."

Ya bar ta a buɗe. Falmaran ce ta magina, mai ruwan toka, irin wadda ake sawa ranar biki, kuma yau ba maɓalli ba, ko yagewa ta yi gida biyu ba za ta ɓata wa Arno rai ba. Da ƙarfe uku za a yi bikin rufi a gidan Gerda Brinkmann da ke bakin kasuwa, wanda aka shekara ana gyarawa. In an gama da bikin rufin, Magajin Gari zai kira shi ya yaye ƙyalle daga kan allon tagulla da aka kafa a jikin bango. Ya san abin da ke rubuce a kai, domin shi ya tsara: Gida mafi tsufa a Wedenau, 1487. A ƙasa kuma, da ƙananan baƙaƙen da ya ce ba sai an sa ba amma bai hana ba: Binciken A. Kettler.

Shekara arba'in Arno ya yi yana gini a garinmu. Makarantar firamare aikinsa ce, banki aikinsa ne, kuma in ka ga garejin mota a Wedenau wanda ba ya yoyo, ba sai ka tambaya ba. Da ya cika sittin ya miƙa wa 'yarsa Silke kamfanin, kowa ya zaci kamun kifi zai koma kamar sauran tsofaffi. Sai ga shi da tocila da ma'aunin katako mai naɗewa yana ƙwanƙwasa ƙofofin mutane, wai a bar shi ya leƙa ƙarƙashin rufi. Babu gidan da bai shiga ba a tsohon gari. Ya shinshina katako, ya bubbuga bango ya kasa kunne kamar likita, ya sha kofin matar gida, ya fito da saƙar gizo-gizo a gira yana murmushi. Littafi uku suka fito daga wannan yawo, kuma duk Asabar yana zagayawa da baƙi yana nuna musu gidaje da tsinin ma'auninsa. Muna yi masa dariya, muna kiransa Farfesa, amma in gardama ta tashi a kan shekarun wani gida, wurinsa ake zuwa. Ban san wani tsoho a garin nan da ke jin daɗin tsufansa kamarsa ba.

Shekara goma sha biyu ke nan da ya samo wannan lamba ta 1487. Gerda ta yarda ya huda katakon gidanta, amma huda ɗaya tak, don ita ba ta ga dalilin da za a mayar mata da gida rariya ba. Arno ya zaga ya zaga, ya zaɓi babban katakon da ke ɗauke da silin ɗin kicin. An lulluɓe shi da yaɓe, sai ɗan wuri kamar tafin hannu da ke leƙowa ta saman kabad, baƙi ƙirin, mai taurin ƙarfe. Ya zaro siririn itace kamar fensir daga cikinsa ya aika jami'a, inda ake ƙirga zoben da itace ke ƙarawa kowace shekara. Amsa ta dawo cewa an sare shi a lokacin sanyin shekarar 1487.

Mutum ɗaya ne bai yarda ba, Dokta Lammers. Benci ɗaya suka zauna a firamare. Lammers ya wuce babbar makaranta har ya dawo ya koyar da rabin garin nan tarihi, Arno kuwa yana da shekara sha huɗu aka miƙa masa bokitin kwaɓi. Lammers ya ce sassaƙar da ke fuskar gidan ta wajen 1650 ce, ko makaho ya shafa ya sani. Shekara goma sha biyu suna yi a shafin wasiƙu na jaridar gari, kuma ko sau ɗaya bai kira Arno da sunansa ba, sai dai "magininmu". To yau ga jaridar a kan tebur kusa da burodi, a buɗe a wannan shafin.

"Na daɗe ina jayayya da Malam Kettler," in ji wasiƙar. "Ido na iya kuskure, littafi na iya kuskure, itace ba ya yi. A wannan rana ta biki na sallama. Shi ne da gaskiya."

"Sau nawa ke nan ka karanta?" Hedda ta tambaya.

"Biyu."

"Biyar. Ina ƙirgawa. Kar ka cinye rubutun, bar wa jikoki."

Ƙarfe goma ya fito da kekensa. Hedda ta tuna masa ta taga cewa biki sai uku, ya ce dubawa kawai zai yi. Juma'a ce, ranar kasuwa, kuma kowa ya karanta jarida. Mai kifi ya ɗaga masa wuƙa, mai cuku ta ce ashe dai an kayar da Dokta, wani daga cikin motar haya ya danna masa ham. Arno yana amsawa da ɗaga yatsa ɗaya daga kan hannun keke, wai shi abin bai dame shi ba. Sai da ya zaga kasuwar sau biyu, alhali gidan Gerda na nan a kwanar farko.

An kewaye gidan da ƙarafan hawa. Sabbin katakan rufi na tsaye farare a sama ba a jera musu tayil ba tukuna, an rataya kambin ganye mai ƙyallaye a can ƙoli. Gerda na tsakar gida tana nuna wa ma'aikata biyu inda za su sa tebur. Shekarunta tamanin da ɗaya, mijinta Egon ya daɗe da rasuwa, kuma tun daga ranar duk wanda ya shigo gidan shi ke karɓar umarnin da a da Egon ke karɓa.

"Farfesa, tun da safe ka zo cin kek? Sai uku. Ɗauki wancan bencin."

"Ni babban baƙo ne yau, Gerda."

"Babban baƙo mai hannu biyu. Ɗauka."

Ya ɗauka. Yana ajiyewa sai ga Silke ta sauko daga rufi cikin baƙaƙen kayan kafintoci, guduma a ƙugu. Ita ba magina ba ce, kafinta ce, kuma tun ranar da ta zaɓi katako ta bar bulo suke tsokanar juna a kan wa ya fi wani.

"Baba, me ya fito da kai yanzu?"

"Na ji kun sauke yaɓen kicin. Katakona nake son gani. Shekara goma sha biyu hancinsa kawai nake gani."

"Ƙura ce a ciki, za ka ɓata riga. Zo in zuba maka kofi."

Arno ya dube ta. Shekarun Silke arba'in da tara, ba ta taɓa yi wa kowa tayin kofi a lokacin aiki ba, ko da wanda ya ba ta kwangila ne. Ya tsallake katakon da aka gicciye a ƙofar kicin ya shiga.

Daɗi ya fara ji. Ga katakon nan daga bango zuwa bango, tsirara, kaurinsa ya isa a rungume. Ya hau tsani ya shafa shi, ya ji sawun gizagon mutumin da ya sassaƙa shi tun kafin kakannin kakanni. Sai yatsunsa suka faɗa rami. Rami ne mai kusurwa huɗu, an sassaƙa shi tsaf, irin wanda ake yi don kan ginshiƙi ya shiga ya zauna. Ya haska tocila ƙasa. Babu ginshiƙi a wurin, babu alamar an taɓa yi, tsakiyar kicin ne inda teburin Gerda ke zama. Ya matsa gaba, ga wani ramin, ga na uku. Duk magini ya san ma'anar wannan tun yana ɗaukar bokiti: katakon ya yi aiki a wani gida kafin a kawo shi nan.

Wannan kaɗai ya isa ya kashe 1487. Amma ya sauko ya ja tsanin zuwa bango, inda kan katakon ya shiga. An rage masa tsawo, kuma ba da zarton hannu ba, sawun haƙoran inji ne. A gefensa an rubuta lamba 4 da fenti ruwan ɗorawa wanda ya dushe. Huɗun a buɗe take ta sama, da 'yar wutsiya a gefe, yadda malamar aji ɗaya ta yi ta bugun hannunsa a kai ba ta yi nasara ba.

"Ranar Talata na gani," in ji Silke daga bayansa. "Rubutunka ne, Baba. Shi ne a kan duk tsofaffin takardun kamfani."

"Kika yi shiru."

"Mai yaɓe zai zo ƙarfe ɗaya. Dama doka ta ce a rufe shi da allon kare gobara. Ba ƙarya za mu yi ba, aiki za mu yi. Da ka zo ƙarfe uku kamar mutane, da fari fat za ka tarar."

"Wa ya gani?"

"Ni da mutanena biyu. Su kuwa ba ruwansu da lamba in ba ta agogon tashi ba."

Gerda ta leƙo da wuƙar kek a hannu. "Wa ya mutu?"

Arno ya nuna mata sama da tocila. "Gerda, ina Egon ya samo wannan?"

Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo. "Au, wannan ne? Shekarar da na haifi Uwe silin ya sauko kamar cikin mai juna biyu. Ina asibiti Egon ya tara abokansa ranar Lahadi, lokacin kowa na coci, don bai nemi izini ba. Na dawo na tarar an yaɓe an shafe. Ya ce kai ka ba shi daga Lungun Majema, a bakin kiret ɗin giya."

"Ba ki taɓa faɗa mini ba."

"Ka tambaye ni? Ranar da ka zo huda cewa ka yi in riƙe tsani in rage surutu. Kuma ni ina na san wanne ne? Katako ai katako ne."

Arno ya zauna a kan matakalar tsani. Bai tuna kiret ɗin ba, bai tuna ya ba Egon komai ba, don a wancan lokacin rabin garin nan ya kwashi itacen murhu a wurinsa. Amma gida mai lamba huɗu, shi kam ya tuna shi sarai. A 1974 ne, yana da shekara ashirin da takwas, bai daɗe da karɓar kamfani daga hannun mahaifinsa ba. Majalisar gari ta ce Lungun Majema ruɓaɓɓen haƙori ne, a cire, kuma shi ya ci kwangilar. Gida goma sha ɗaya. Yakan shafa wa manyan katakai lambar gidan da suka fito don ya san lodin da ya kwashe. Goma sun faɗi kamar kwali, kowanne rabin yini. Na huɗun, wani karkataccen gida da aka kwashe wasu tsofaffin mata biyu daga ciki aka kai su gidan kula da tsofaffi, shi ya ƙi. Duk katakansa irin wannan ne, baƙaƙe, sun cinye haƙoran zarto. Sau biyu sarƙar katafila tana tsinkewa. Kwana uku suka yi suna yanka shi gaɓa-gaɓa, Arno yana zaginsa tun daga tushe har rufi. Da ya faɗi, jarida ta ɗauki hoton Arno a kan katafila yana ɗaga hannu. A littafinsa na farko kuma ya ba lungun shafi ɗaya, ya ce ƙananan gidajen talakawa ne da ba su da wani tarihi.

Kunya ta kama shi, irin mai sa kunne zafi. Ba kuskuren lamba kaɗai ba ne. Gida mafi tsufa a Wedenau ya kai har zamaninsa yana tsaye da ƙafafunsa, kuma shi ne ya kayar da shi.

"In magana ta fito, me zai sami gidan Gerda?" ya tambaya.

"Ba komai," in ji Silke. "Ko 1650 ne, yana cikin gidajen da hukuma ke karewa. Ba gidan nake ji wa ba, Baba."

"Ni kek shida na gasa," in ji Gerda. "Ko 1487 ne ko bara, sai an cinye su. Sauran kuma naka ne, Arno."

Agogon coci ya buga sha ɗaya da rabi. A Wedenau ko gobara ake yi, ƙarfe goma sha biyu lokacin abinci ne. Ya ce bari ya je gida. Wannan karon ta bayan kasuwa ya bi, yana tura keken da hannu.

Kifi ne da dankali, kamar kowace Juma'a. Hedda ta saurare shi har ƙarshe ba ta katse shi ba, abin da ba ta saba ba.

"Silke ta ce a rufe," ya ce.

"Kai fa?"

"Ni ma so nake a rufe." Faranti yake kallo. "Shekara saba'in, Hedda. Tun muna sa gajeren wando Lammers yake kallona ta saman tabarau. Yau ya ce Malam Kettler, a jarida, kowa ya karanta. Ko yini ɗaya ba za a bar ni in ji daɗinsa ba?"

"To a rufe mana. Ni ba zan kai ƙararka ba." Ta tura masa kwanon dankali. "Sai dai gobe Asabar. Ƙarfe goma za ka tsaya gaban allon nan da baƙi ashirin, ka ɗora masa ma'auni ka ce musu 1487. Sati mai zuwa ma haka, da na bayansa. Kai da ko cakulan ka ci a ɓoye sai kunnenka ya tona ka. Ci kifinka, yana hucewa."

Ya ci loma biyu ya tsaya. Hedda ta zaci kuka zai yi, sai ta ga ya zaro fensir daga aljihun falmaran ya jawo jarida.

"Tazarar ramukan nan ba daidai take ba," ya ce. "Tsakanin na farko da na biyu taku ɗaya da rabi, na ukun ya matso. Ƙofa ce a nan. Na tuna, ƙofar a gefe take, ba a tsakiya ba." Fensir yana gudu a gefen shafi. "Kuma ginshiƙan, Hedda, tun daga ƙasa har rufi itace ɗaya ne, ba a yanka su hawa-hawa ba. Shi ya sa sarƙar ta yi ta tsinkewa. Tsohon salo ne, tun na farko. Na karanta shi a littattafai, na ja ki har garuruwa uku don mu gan shi, ashe na taɓa riƙe shi a hannuna."

"Har huɗu. Ɗaya a cikin ruwan sama."

"Babu mai rai da ya san gidan nan kamata. Ni na kwance shi. Kuma ba duka aka ƙona ba, wannan itacen ko gatari tsoronsa yake. Akwai sauransa a garin nan, a rumfunan kaji, a ɗakunan ƙasa, duk da lambata a jiki."

"A kan wasiƙar Lammers kake zane."

Ya duba, haka ne. Sai ya dubi agogo, ɗaya saura kwata. Ya tashi ya ɗauki waya.

"Silke, sallami mai yaɓe. A'a, ban auna ba tukuna." Ya saurara. "Na sani. Na ce miki na sani."

Ba zan ce son gaskiya kaɗai ne ya tashe shi daga kan kifi ba, ko da yake yana ciki. Arno mutum ne da ba zai iya ganin katako mai rami uku ya bari a rufe bai auna ba. In ya auna kuwa sai ya rubuta, in ya rubuta magana ta fito, kuma shi kansa ya san haka tun kafin ya ɗaga wayar.

Daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu da rabi yana kan tsani a kicin ɗin Gerda, Silke na riƙe masa bakin ma'auni tana rubuta abin da ya faɗa. Ba ta sake cewa a rufe ba. Sau ɗaya kawai ta ce, "Ko ni in faɗa musu? In ce ni na gano, kai ba ka nan."

"Wa ya huda?"

"Kai."

"To riƙe ma'auni da kyau. Kafintoci dai, santimita biyu ba komai ba ne a wurinku."

Ƙarfe uku tsakar gidan Gerda ta cika, har da mu 'yan cin kek. An bar mata ƙusa ta ƙarshe a wani katako na ƙasa-ƙasa saboda shekarunta, ta buge ta sau uku ta shige, ta miƙa gudumar kamar wadda aka ɓata wa lokaci. Silke ta hau ƙoli kusa da kambin ganye ta karanta baitocin da kafintoci ke karantawa, ta sha don matar gida, ta sha don ma'aikata, ta sha don gidan, ta jefo kofin gilashin ƙasa. Ya tarwatse a kan dutse yadda ake so, kowa ya tafa.

Ana cikin tafin Dokta Lammers ya ratso mutane da sandarsa, dogo siriri, da lakataye kamar kullum.

"Arno," ya ce. Rabonsa da kiran wannan suna tun firamare. "Ka ga jarida?"

"Na gani, Dokta."

"Ba da sauƙi na rubuta ba. Sau huɗu ina yaga takarda." Ya miƙa hannu. "Abokin aiki."

Arno ya karɓi hannun ya riƙe, ya ɗan daɗe bai saki ba. Ya ji daɗin kalmar har cikin ƙashi, duk da ya san minti biyar ya rage mata.

Magajin Gari ya yi jawabi a kan alfaharin Wedenau da shekara ɗari biyar da ɗoriya, ya ce wasu garuruwan da ke yi mana kallon ƙauye sai su zo su gani. Mai hoton jarida ya gyara tsayuwa. Aka kira Malam Kettler. Ya tsaya kusa da ƙyallen, falmaran a buɗe, ƙura a kafaɗa, kunnuwansa jajur.

"Jama'a, ba zan ja wannan ƙyalle ba," ya ce. "Abin da ke ƙarƙashinsa ba daidai ba ne, kuma ni na rubuta shi."

Ya faɗa musu a gajarce, kamar mai ba da rahoton aiki. Huda ɗaya, rami uku, sawun inji, lamba huɗu, Lungun Majema, katafila. Bai tsallake hoton jarida ba, bai tsallake shafin littafinsa ba.

"Itacen bai yi ƙarya ba, a 1487 aka sare shi. Ni ne ban tambaye shi daga ina ya zo ba, ni da ya kamata in fi kowa sani. Ƙofar kicin a buɗe take, akwai tsani da tocila."

Gerda dai ba ta fasa yanka kek ba. Hedda na zaune a benci na gaba da jaka a cinya tana kallon mijinta, ba ta ɗauke ido ba. Dokta Lammers ne ya fara motsi. Ya shiga kicin shi kaɗai, muka jira. Da ya fito akwai farar ƙura a gwiwar wandonsa, alamar har tsanin ya hau.

"Wato 1650," ya ce.

"Wajen haka. Kai ne da gaskiya."

Lammers ya cire tabarau ya goge. "Shekara goma sha biyu ina da gaskiya, ba wanda ya yarda da ni. Yau da safe na yi kuskure, tun daga gidan burodi ake tsayar da ni ana yaba mini dattako. Kai dai ba ka barin mutum ya huta, magini."

Gerda ce ta fara dariya, sai ta kama benci-benci.

"Ranar Litinin zan fara bin gidaje neman sauran katakan," in ji Arno. "Ina buƙatar mai karanta tsofaffin takardun majalisa. Rubutun mutanen da ba ya shiga idona."

"Ba ya shiga idonka don ba ka taɓa koya ba." Ya mayar da tabarau. "Ƙarfe nawa?"

"Bakwai."

"Tara. Ni ba lebura ba ne."

Magajin Gari na tsaye har yanzu da takardar jawabi a hannu, yana duban mai hoto, yana duban ƙyallen. Mutum ne da ba ya son taro ya watse ba a yaye komai ba.

"To, Malam Kettler," ya ce, "jama'a sun taru, allo kuma an riga an ƙera. Ni ban san Lungun Majema ba, ba a haife ni ba lokacin. Nuna mana wurin, sai a ciro a kai can."

"Ina ka ajiye motarka yau, Yallaɓai?"

"Bayan banki, inda kowa ke ajiyewa."

"Layi na farko ko na biyu?"

"Na biyu, kusa da injin tikiti."

"To a cikin falon gida mai lamba huɗu take." Arno ya juya ma'aunin a hannunsa. "Ni na zuba kankaren. Shekara hamsin, ko tsagewa bai yi ba."